Yadda Aka Fitar da Zaidu Daga Sahun Gaba

Akwai wani aibi da ya yaɗu a cikin mutanenmu, har an daina ganinsa aibi. Mun raba cututtuka gida biyu, muka sa cibiya ta zama iyaka. Cutar da ta kama mutum daga cibiya zuwa sama, ko ciwon kai ne ko tari ko makanta, mukan ɗauke ta jarrabawa daga Ubangiji, mu tafi dubiya da kunu da addu'a. Wadda kuwa ta kama shi daga cibiya zuwa ƙasa, sai mu mayar da ita laifinsa, mu yi ta ƙus-ƙus muna toshe hanci. Alhali wanda ya saukar da ta sama shi ne ya saukar da ta ƙasa, kuma bai yi wa kowa alkawarin kuɓuta daga ko ɗaya ba. Mafi muni, sai mu ɗauko addini mu lulluɓe wannan ƙyama da shi, mu kira ta tsarki. Mun haddace abubuwan da ke warware alwala tun muna yara, amma babin rangwame da ke biye da su, wanda aka yi domin marasa lafiya, kaɗan ne cikinmu suka taɓa buɗe shi. Su kuma waɗanda suka buɗe, sau da yawa sukan yi shiru a ranar da ake bukatar maganarsu.

Labarin Zaidu, mutumin Gungun Marke a ƙasar Yauri, ya isa shaida.

Gungun Marke tsibiri ne a tsakiyar Kwara, kudu da Yelwa, wanda yanzu yake ƙarƙashin tafkin Kainji. A can aka haifi Zaidu, kuma sana'arsa ita ce ta ubansa, wato noman albasa. Da rani yakan wuni a bakin kogi, ƙafa ɗaya cikin ruwa ɗaya a kan gaɓa, yana ɗibar ruwa da ƙwarya yana watsa wa fangalan albasa. Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, maras yawan magana, wanda Gungancinsa, wato yaren mutanen gungaye, ya fi Hausarsa santsi. Bai yi karatu mai zurfi ba, iyakarsa surorin da salla ke bukata. Matarsa ɗaya, Tamada, 'ya'yansu mata biyu kuma duk sun yi aure a wasu gungayen.

Masallacin gungun na ƙasa ne da rufin ciyawa, ba a kuma shimfiɗa tabarma a cikinsa. A kan yashi ake salla. Al'adarsu ita ce duk ranar Alhamis a kwashe yashin sama a zubar, a kawo sabo daga kogi a baza. Tun Zaidu yana saurayi ya ɗora wa kansa wannan aiki ba tare da an sa shi ba, har aka riƙa kiransa Zaidu Mai Yashi. Wurin tsayuwarsa a salla shi ne sahun gaba, dama da liman. Ba wanda ya naɗa shi a wurin, sabo ne kawai ya ba shi, domin yakan riga kowa zuwa. Wannan tsayuwa ita ce dukkan sarautarsa a duniya, kuma bai taɓa neman wata ba.

A shekarar da aka sami mulkin kai, yana da shekara hamsin da 'yan kai, fitsari ya fara yi masa gardama. Akwai wani ɗan nama a bakin mafitsarar kowane namiji, wanda kan kumbura wa wasu idan shekaru suka ja, ya matse hanya. Zaidu ya sha jiƙo da sassaƙe iri-iri, abin bai yi sauƙi ba. Daga ƙarshe hanyar ta toshe gaba ɗaya, mararsa ta kumbura ta yi tauri kamar gora. Aka kwantar da shi a kwalekwale zuwa Yelwa, daga nan aka sa shi a babbar mota zuwa wani babban asibiti. Likita ya sa masa roba ya zuƙe abin da ya taru, bayan ya ɗan farfaɗo kuma aka tsaga ƙasan cibiyarsa aka cire naman.

Aikin ya ceci ransa, wannan babu jayayya. Sai dai ƙofar da a da ta ƙi buɗuwa, yanzu ta ƙi rufuwa sosai. Idan ya yi tari, ko ya ɗaga kaya, ko ya miƙe daga zaune, sai 'yan ɗigo su kuɓuce masa ba tare da ya ji zuwansu ba. Da za a sallame shi, likitan ya gaya masa ta bakin tafinta cewa yoyon yakan tsaya wa mutane da yawa bayan 'yan watanni, wasu kuma yakan zauna musu. Ya kuma ja masa kunne ya riƙa shan ruwa sosai. Yoyon ya ragu, amma bai tsaya ba.

Abin da Zaidu ya fara yi bayan dawowarsa ya nuna irin mutumin da yake. Bai ɓoye ba, bai kuma yanke wa kansa hukunci ba. Ya tafi zauren limamin gungun, Malam Mamuda, wanda ya yi shekaru yana karatu a garuruwan yamma, ya jira har ɗalibai suka watse, sannan ya faɗa masa halin da yake ciki. Ya tambaye shi ko ya wajaba ya bar masallaci.

Malam Mamuda ya ce, "Wa yac ce ka bar masallaci? Abin da ya fi ƙarfinka ba a tambayar ka shi. In yoyon nan shina zo maka mafi yawan yini, alwalarka na nan. Ka ɗaura tsumma, ka sake alwala in ka samu hali, ka tsaya inda ka saba tsayawa."

Amsar daidai ce, kuma haka take a littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan ƙasar nan. A riƙe wannan da kyau, domin shi ne ginshiƙin dukkan abin da ya biyo baya: liman ya sani.

Shekara takwas Zaidu ya yi a gungun da wannan lalura, bai rasa jam'i ba sai da dalili. Tamada ta yayyaga tsofaffin zannuwanta ta yi masa tsummoki, tana wankewa a kogi tana shanyawa a bayan rumbun albasa, inda zana ta kare. Kogin yana ƙofar gida, duk lokacin da ya so sai ya shiga har ƙugu ya fito. Ban da haka, a gungun babu namijin da wandonsa ke bushewa da rana. Mai ban ruwa a jiƙe yake, masunci a jiƙe, mai tuƙin jirgi a jiƙe, don haka damshi a wandon dattijo ba abin kallo ba ne. Idan kuma wani ɗigo ya wuce tsumma ya sauka a masallaci, yashi yakan shanye shi, shi kuma Zaidu ya dawo bayan an watse ya kwashe wurin da hannunsa, ya zuba sabo. Mai yiwuwa wasu sun lura. Amma babu abin da ya tilasta wa kowa ya gani, don haka ba wanda ya gani.

Kada wani ya ɗauka wannan alherin mutanen gungun ne. Kogi ne ya rufa wa Zaidu asiri, da yashi, da zana. Mutanen ba a jarraba su ba tukuna.

Jarrabawar ta zo tare da madatsar ruwa. Masu awon ƙasa suka zo suka shafa fenti a jikin itatuwa, aka ce duk abin da ke ƙasa da alamar ruwa zai ci. Da lokaci ya yi, aka kwashe mutanen Gungun Marke tare da na wasu gungaye biyu, aka haɗa su a sabon gari ɗaya a kan tudu. Gidajen na siminti ne, a jere kamar haƙora, tsakar gidan kowa a buɗe ga maƙwabcinsa, domin ba a kai ga saƙa zana ba. Da bazara ruwan tafkin yakan ja baya ya bar taɓo mai nisa, wanda dattijo ba zai iya ratsawa sau biyar a yini ba. Rijiya ɗaya ce a garin. Lambunan albasa sun nutse, aka rarraba wa mutane gonakin gero a kan tudu. Maza suka bushe, dukkansu, ban da mutum ɗaya.

An gina musu masallaci mai daɓen siminti, sumul, mai sheƙi. Wanda ya fi kowa alfahari da shi shi ne Mainasara, wakilin hakimi a sabon garin, mutum mai son a ga tsari da son a ga shi ne ya kawo tsarin. A hannunsa rabon gonaki yake, a hannunsa kuma wata matsala ta faɗo: gungaye uku sun zo da limamai uku, masallaci kuwa ɗaya ne. Wakili ya zaɓi Malam Mamuda. Sauran biyun suka koma sahu suna bin sa salla, suna kuma sauraren ranar da zai yi kuskure.

Zaidu ya ga daɓen nan, ya gane abin da ke tafe. Ya sami Wakili a ƙofar masallaci cikin mutane, ya roƙi izini a bar shi ya ɗan baza yashi a kusurwar da yake tsayawa, ya ce shi zai riƙa ɗaukowa, shi zai riƙa sharewa.

Wakili ya ce, "Baba Zaidu, gwamnati ta hid da mu daga yashi ta ɗora mu bisa siminti, kai kuma kana so ka mai da mu? Gobe sai wani ya ce a kawo jirgi mu yi salla ciki."

Aka yi dariya. Zaidu ba zai iya faɗin dalilinsa a gaban 'ya'yan abokansa ba. Mutum ɗaya ne a wurin ya san dalilin, wato liman, yana zaune a kan buzunsa, kuma shi ma ya yi murmushi.

Nauyin ya koma kan Tamada. Ta ninka tsummokin, wanki ya ƙaru, ta riƙa ɗibar ruwa fiye da matan da ke da ƙananan yara. Igiyar shanyarta kuwa kowa na gani. Wata rana a bakin rijiya, Laraba, wata matashiya daga ɗaya gungun, ta tambaye ta da ƙarfi don a ji: "Inna Tamada, haihuwa kinka yi ba mu sani ba? Kullum tsummoki bisa igiya."

Tamada ba ta ɗago daga guganta ba. Ta ce, "Na haihu. Ran suna ki zo da tulunki, tun da ke ce mai ƙirga ruwa."

Matan suka yi dariya, amma maganar ta riga ta fita, ta kuma shiga gidaje.

Abin ya faru a wata sallar La'asar, cikin zafin bazarar farko. Zaidu ya wuni yana sassabe a gona, tsumman da ke jikinsa ya riga ya cika. Da ya miƙe daga sujada, sai ga damshi a kan daɓen, bai fi faɗin tafin hannu ba. Da a kan yashi ne, da ya ɓace kafin a yi ruku'u. Siminti kuwa ba ya shanye komai. Mutumin da ke kusa da shi ya gani, ya ja jikinsa gefe a tsakiyar salla, ya bar giɓi a sahu.

Bayan sallama, Wakili ya miƙe. Bai ambaci suna ba, kuma babu bukata. Ya ce, "Wanda bai iya riƙe kansa, ya riƙe ɗakinsa. Nan ɗakin Allah ne, ba makewayi ba."

Wani daga sahun baya ya ce shi ya ji ana cewa sai an wanke sau bakwai. Wani ya ce sallar ma sai an sake. Aka dubi liman. Malam Mamuda ya sunkuyar da kai yana jan casbi, kamar wanda zikiri ya ɗauke wa hankali. Wakili ya ɗauki shirun nan a matsayin yarda, ya ba da umarni a wanke masallacin gaba ɗaya, bango zuwa bango, sau bakwai.

A tsaya a auna wannan umarni. Hukuncin wurin da fitsari ya taɓa shi ne a kwara masa ruwa, guga ɗaya ya wadatar. Wanki bakwai kuwa an ambace shi ne a kan ƙwaryar da kare ya sa baki a ciki. Ke nan mutanen nan sun ɗauki dattijon da ya yi shekara arba'in yana share musu wurin sujada, suka ajiye shi a babin kare, suna ganin ibada suke yi. Sallar kowa ba ta ɓaci ba, har ta Zaidu. Wanda sallarsa ta fi kusa da matsala shi ne wanda ya yanke sahu don ƙyama. Duk wannan liman ya sani, kuma jumla biyu sun ishe shi ya faɗa.

Mata suka yi ta jigilar ruwa har Magariba, rijiyar ta koma taɓo. Ranar gidaje da yawa ba a ɗora tukunya da wuri ba, kuma ba Wakili aka zaga ba, Tamada aka zaga.

Washegari da hantsi Zaidu ya tafi gidan liman. Ya ce, "Allah gafarta Malam, ban zo tambaya ba. Na riga na tambaya, ka ba ni amsa tun muna gungu. Abin da kac ce min a zaure, shi nike so ka hwaɗi a masallaci."

Malam Mamuda ya yi dogon bayani. Ya ce zukatan mutane da zafi yanzu, a bari ƙura ta lafa. Ya ce in ya yi magana, limaman nan biyu za su kai wa hakimi cewa ya halatta najasa a masallaci. Ya ce mai uzuri ko a ɗakinsa ya yi salla ladansa cikakke ne, ya kawo nassi, ya fassara.

Zaidu ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To, hukuncin ya sake ne?"

"Bai sake ba."

"Na zaci ko ruwa ya ci littafin tare da gungu."

Ya ɗauki takalmansa ya fita.

Idan aka jera masu laifi a wannan al'amari, Wakili ba shi ne na farko ba. Jahili ne da aka ba iko, ya yi abin da jahilci ke sa mai iko ya yi. Laraba yarinya ce mai baki. Jama'a kuwa sun bi inda aka nuna musu. Wanda ya fi kowa nauyi shi ne wanda ya san gaskiya, ya faɗe ta lokacin da faɗinta ba ya jawo masa komai, ya haɗiye ta lokacin da ta zo da farashi. Malam Mamuda bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba, kuma irinsa sukan kwanta da wannan a matsayin hujja. Amma ilimin da ke aiki a zaure kaɗai, ya kasa fitowa masallaci, mai shi bai riƙe amanarsa ba. Ya sayi limanci da tsayuwar wani mutum, ba da tasa ba.

Na wani lokaci Zaidu ya riƙa tsayawa a waje, bayan masallaci, inda ake tuɓe takalma, yana bin salla ta taga. Masu shiga sukan gaishe shi da sauri su wuce. Bai yi ƙorafi ga kowa ba, amma Tamada ta ce a wannan lokaci ya daina cin abinci sosai, kuma idan aka kira salla yakan daɗe a zaune kafin ya miƙe.

Daga nan ya yi nasa lissafin, irin na mutumin da aka bari shi kaɗai da matsalarsa. Ya ce abin da bai shiga ba, ba zai fita ba. Ya daina shan ruwa daga Asuba har sai an idar da Isha'i. Ya bar kunu, ya bar fura. Gargaɗin likita bai manta da shi ba, ya dai auna shi da sahu, sahu ya rinjaya. Tamada takan ajiye moda kusa da shi, ya ture ta da bayan hannu. Da ta matsa masa da kuka, sai ya ce ya sha ruwa shekara sittin, ya ishe shi.

Da ta ga leɓɓansa sun fara tsagewa, ta yafa mayafi ta tafi ƙofar zauren liman. Ba ta shiga ba, daga waje ta yi magana, ɗalibai na ji: "Malam, mutuminka shina kashe kansa da ƙishi, saboda kalma guda da ta maƙale a bakinka."

Liman ya ce a ba ta haƙuri. Da yamma ya aika mata da rubutun sha a kwalba, ya ce a ba maigidan, Allah zai kawo sauƙi. Zaidu ya karɓa da ladabi, ya ajiye har bayan Isha'i, sannan ya sha.

Dabarar ta yi aiki ta fuskar da ya so. Tsumman ya riƙa wuni kusan a bushe. Wata Azahar ya shiga masallaci ya wuce kai tsaye zuwa sahun gaba, dama da liman, ya tsaya. Ba wanda ya hana shi, ba kuma wanda ya yi masa maraba. Na kusa da shi ya bar ɗan giɓi a tsakaninsu, giɓin bai taɓa rufewa ba. Bayan kowace sallama Wakili yakan saci kallon daɓen da ke gaban Zaidu, shi kuma Zaidu yakan jinkirta tashi don ya ba shi damar gani da kyau. Da sanyi ya shigo abin ya zo masa da ɗan sauƙi, ya ci gaba a haka har wata bazarar ta zagayo.

Jiki kuwa ba a yi masa irin wannan ciniki. Ɗan fitsarin da ke fita ya yi kauri ya yi ja, yana ƙuna kamar barkono. Ciwo ya kama shi a kwiɓi, zazzaɓi ya riƙa zuwa yana tafiya. Ya rame har wandonsa ya daina zama a ƙugu. Tamada ta roƙe shi su koma asibiti, ya ce in an yi shuka. Wani lokaci a tsakiyar magana sai ya rikice, ya tambaye ta ko an yi wa albasa ban ruwa.

Wata rana an zauna tahiyar ƙarshe a sallar Azahar, aka yi sallama, mutane suka miƙe, shi bai miƙe ba. Aka ɗauke shi zuwa gida jikinsa kamar wuta. Tamada ta riƙa ɗiga masa ruwa a baki da ludayi, yana haɗiya, amma babu abin da ke fita, ko ɗigo. Kafin a sami motar da za ta kai shi Yelwa an kwana biyu, kuma bai kai Yelwa da rai ba.

Motar da ta tafi da shi ita ta dawo da shi. Malam Mamuda ne ya yi masa salla, Wakili yana sahun gaba, kuma a wurin zaman makoki an yi ta yabon yadda marigayin ba ya wasa da jam'i. An binne Zaidu a sabuwar maƙabarta ta kan tudu kafin damina ta biyu ta sauka, yana cikin mutanen farko da aka kai can.